Ramar da Na Kwantar a Ƙarƙashin Raga

Shekara huɗu na yi ina jira kafin council, wato hukumar gari, ta ba ni ɗan fili a unguwar Levenshulme ta Manchester, cikin lambunan hayar nan da ake kira allotment. Ranar da aka miƙa mini makulli, aka haɗa mini da takardar dokoki. Na karanta ta sau biyu, na liƙa ta a bangon ɗakin ajiyar kayan aiki. Ni direban bas ne, kuma wanda ya saba tashi a kan minti ba ya wasa da tsari.

Rama na ƙudura shukawa. Maiɗakina ta daɗe tana mitar cewa busasshiyar da ake samu a shagunan Stockport Road ba ta da ɗanɗano, kamar mutum yana tauna takarda. Ƙaninta, wanda yake aikin injiniya a Aston ta Birmingham, shi ya ba ni iri a cikin ambulan. Abokin wasana ne, bakinsa kuma ba ya hutawa.

Rama ba ta jure sanyin Manchester, don haka na kafa mata rumfar leda. Ta tsiro lafiya, ta yi ta miƙewa har kawunanta suka fara dungurar rufin, suna lanƙwashewa suna ruɓewa. Ga shi ta fara ƙullin fure, ni kuwa ina son in samu irin baɗi.

Wata rana a lokacin hutun aiki na nemi dabara a waya. Sai ga bidiyon wani Bature sanye da safar hannu, a tsakiyar tsiro mai ganye kamar yatsun hannu. Na ce ikon Allah, ashe Turawa ma suna noman rama. Ban buɗe murya ba saboda abokan aiki suna cin abinci. Da ido na bi shi, ina rubutawa a littafina. Na ɗaya, a kafa turaku huɗu. Na biyu, a shimfiɗa raga a kansu, a ja ta ta yi tauri. Na uku, a tanƙwara kan kowane tsiro a hankali, a cusa shi ƙarƙashin ragar ya kwanta. Na huɗu, a riƙa dawowa bayan kwana biyu, duk reshen da ya leƙo sama a mayar da shi.

Haka na yi, ban tsallake ko ɗaya ba. Cikin mako biyu ramar ta baje daidai wa daida, kore shar, babu reshen da ya fi wani tsawo. Nakan tsaya a bakin rumfa ina kallo kamar ni na ƙirƙiro dabarar.

Sai ga wasiƙa daga shugabar kwamitin lambun, wata dattijuwar Baturiya mai tafiya da sanda. Ta ce an kai ƙarata, za ta zo dubawa ranar Asabar da ƙarfe goma, bisa doka ta bakwai. Na je na duba takardata. Doka ta bakwai ta ce duk wanda ya shuka abin da hukuma ta haramta, za a karɓe filinsa nan take.

Na kira surukina, ƙanin maiɗakina, na tura masa hoton rumfar da bidiyon da na koya daga ciki. Ya fashe da dariya har da tari.

"Yaya, ka kunna muryar bidiyon nan kuwa?"

"Me zan yi da murya? Ina da ido."

"Wiwi ce, Yaya! Malaminka manomin wiwi ne! Kai da ko goro ba ka ci!"

"Ka gyara bakinka," na ce.

"Ni in gyara? Ka lulluɓe rumfa da leda, ka shimfiɗa raga irin tasu, ga ganye mai yatsu. Wallahi ko ni ne sai na kira 'yan sanda. Ranar Asabar ina hanya, wannan kallon ba zai wuce ni ba."

Ban yi dariya ba. Fili ne da na yi shekara huɗu ina jira, kuma idan labari ya kai masallaci cewa an kore ni saboda wiwi, babu bayanin da zai wanke ni. Maiɗakina ta ce, "Malam, ka tumɓuke ta kawai mu huta." Na ce idan na tumɓuke, na amsa laifi ke nan. Ta ce to ita za ta yi nata shirin, ta sa na tsinko mata ganye cikin leda.

Ranar Asabar na isa da ƙarfe tara, na share hanya, na jera hujjojina a kan benci: ambulan ɗin iri, littafina, da kwanon kwaɗon rama da maiɗakina ta haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Surukina ya iso daga Birmingham da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Da ya ga littafin, ya ɗauke shi ya zura a aljihu.

"Wannan ba hujja ba ce, Yaya, igiyar rataya ce."

Ƙarfe goma daidai dattijuwar ta zo, tare da maƙwabcin filina, wani tsoho mai noman albasa, wanda ashe shi ya kai ƙarar. Ya kasa haɗa ido da ni. Na fara bayani daga farko, tun daga ranar da na jiƙa iri. Ban kai ga ragar ba ta ɗaga sandarta ta nuna cikin rumfa.

A saman ragar, fure ɗaya ya buɗe da safiyar nan, faffaɗa, ruwan ƙwai mai haske, tsakiyarsa ja wur. Ni kaina ban lura da shi ba saboda shara. Ta sunkuya ta daɗe tana dubawa, ta murza ganye ta sansana, sannan ta juya wajen tsohon.

"Ka taɓa ganin wiwi da fure irin wannan? Dangin furen da ke ƙofar gidana ne."

Tsohon ya ce shi ganye ya gani, da raga. Ta ce shi ya sa albasarsa ba ta taɓa cin gasa ba, ba ya duba abu da kyau. Maiɗakina, wadda ta biyo ni lambun, ta miƙa musu kwanon kwaɗon da cokula. Dattijuwar ta ci, tsamin ya sa ta runtse ido, ta ƙara cokali na biyu. Tsohon ya ci nasa, ya tambaya ko ramar tana yi ba tare da rumfa ba.

Hukuncin da ta yanke shi ne in rubuta sunan tsiron a allo, in kafa a bakin rumfa. Kafin azahar na kafa shi, da Hausa a sama, da Turanci a ƙasa.

Ragar kuwa ban cire ta ba, domin dabarar tana aiki, ko daga wa aka koyo ta. Furen ya zama ƙwanso, na samu iri cike da kwalba, na ɗiba wa tsohon a ambulan tare da matakai huɗun a rubuce. Surukina har yau idan ya kira waya, sai ya fara da tambayar ko kaya sun nuna. Nakan ce masa sun nuna, ya zo da kwanonsa. Filin yana hannuna, bana ma layi uku na shuka.