Yoga ta bayan labule

Shekarun baya, mahaifiyata ta yi fama da ciwon baya. Ta tsufa tana sunkuye a kan kifi, tana sayo shi a Makango tana banda a gidanmu na Salaga. Ba ta damu da ciwon ba sai da ya fara taɓa mata sujada. Wannan kam ta kasa haƙura.

Mijin ƙanwata, wanda ke zaune a Yendi, ya koyo yoga a Kumasi, irin motsa jikin nan da ake yi a kan tabarma ana miƙe gaɓoɓi. Ya ce zai gyara mata baya. To, ku kun san suruki da suruka. Shi ba ya shiga ɗakinta, ita ba ta iya ce masa a'a. Sai ya tsuguna a bayan labule yana ba da umarni, ni ina ciki ina kallon fuskarta.

Gaskiya da farko abin ya yi kyau. Za ta ɗan zagaya tsakar gida jiki ya yi ɗumi, ta kwanta rubda ciki, ta dafa ƙasa, ta ɗaga ƙirji kaɗan tana numfashi. Da na ga ta cije leɓe sai in ce, "Malam, ya isa." Ni ma na gwada, aka tashe ni kamar buhun gari.

Rannan na tafi Bawku sayo albasa. Na roƙe shi ya jira in dawo. Bai jira ba. Ya biyo ta Salaga, ya tsuguna a wajensa, wai yau za a ƙara mataki. Ya sa tsohuwa ta kwanta rigingine, ta kafa hannu da ƙafa, ta banƙare sama. Ba ɗumama jiki, ba matashi, ba mai riƙe ta.

Daga baya ta ba ni labari. Yana cewa, "Mma, a ƙara kaɗan. In da zafi a faɗa." Na ce, "To me ya hana ki faɗa?" Ta kalle ni kamar na zage ta. "In yi wa surukina kuka? Ke kina da hankali kuwa?"

Shi kuma ya ji shiru, ya ɗauka lafiya, ya yi sallama ya hau mota. Ita tana ƙasa, ta kasa ko juyawa, sai da maƙwabciya ta leƙo.

Wallahi na dawo kaina na hayaƙi. Mutum ya girma a zango, cikin Hausawa, ya san surukarsa ko wuta ta taka ba za ta ce wayyo a gabansa ba, amma ya zo yana koyar da abin da idonsa ba ya gani! Likitan da muka kai ta wurinsa a Tamale ya ce irin wannan banƙarewar ko mai jini a jika sai ya daɗe yana yin ƙananan matakai kafin ya kai gare ta, kuma zafi mai suka a ƙugu alama ce ta a tsaya nan take.

Na ɗauki waya zan wanke shi tas. Mahaifiyata ta riƙe mini zane. "Kar ki ɓata wa ƙanwarki gida. Alheri ya nufa." Ta sa ni na rantse ba zan gaya masa abin da ya faru ba, ta sa ƙanwata ma ta rantse.

Ta warke, tana tafiya, har kasuwa tana zuwa. Amma goshinta bai ƙara taɓa ƙasa ba. A kan kujerar roba take salla.

Ni ban tsani yoga ba, har yau ina yin ƙananan da safe, suna mini amfani. Abin da nake gaya wa kowa shi ne, kar ku bari wanda ba ya ganin fuskarku ya lanƙwasa muku baya, kuma kar ku koya a hannun wanda kuke jin kunyar ce masa ya isa.

Haushin dai bai sake ni ba. Duk Sallah yana zuwa gaisuwa, ya tsuguna a bayan labulen nan ya ce, "Mma, yaya bayan?" Ita kuma daga kan kujerarta sai ta ce, "Da sauƙi, Malam. Allah ya yi maka albarka."