Simintin Da Na Shafa Wa Bangon Gabas

Gidan zane-zanen da nake gadi a Yamai, da can sito ne na fatu, tun zamanin Turawa. Wata hajiya mai zane ta saye shi, ta kawo wani tsohon magini daga Saga ya tashe shi da jar laka, ya yi masa rufin tulluwa, ba azara ba kwano. Tagogin ƙanana ne, can sama, don kada rana ta ci launin zanen. Kowace shekara kafin damina tsohon yakan zo ya sake yaɓe.

Shekarar da ƙafa ta kwantar da shi, Hajiya ba ta gari, hadari kuma ya fara haɗuwa. Bangon gabas, wanda ruwa ya fi duka, ya tsage. Sau goma a wuni nake auna tsagar da tsinke. A jikin bangon nan aka rataye babban zanen wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya rasu, aro ne daga matarsa, shi kaɗai ya rage mata. Ni dai abin da na sani, siminti ya fi laka. Na samo buhu biyu na shafe bangon tas.

Bayan ruwa na huɗu na ji warin danshi. Na ɗaga zanen, bayansa ya yi funfuna, launin fuskokin ya fara tashi. Na hau kabu-kabu sai Saga, wurin tsohon.

"Baba, na yi ɓarna."

"Siminti ko?" Ban ma kai ga faɗa ba. "Ɗana, ka sa wa mai gumi rigar leda. Ruwan da ya shiga, ta ina zai fita?"

"In ɓamɓare?"

"Cikin damina? Ka ɓamɓare, bangon ya biyo ka. Ka bari, ya ruɓe ta ciki. Je ka kwashe kayan mutane tukuna."

Na kwashe su zuwa ɗakin yamma. Sannan na kira Hajiya a waya. Zan iya cewa rufi ne ya yi yoyo, amma bakina ya ƙi. Na gaya mata gaskiya.

"Bango a sake shi da rani," ta ce. "Matar nan fa? Kai za ka gaya mata."

Na naɗe zanen a zani mai tsabta na kai shi gidan matar malamin a unguwar Bukoki. Matar ta buɗe, ta daɗe tana dubawa, ta shafa wurin da ya lalace da yatsa. Ba ta zage ni ba. Ta ce in ajiye shi nan, ba zai koma ba.