Iskar da Mota Ta Rasa a Hanyar Gaya

Da farko na ɗauka ƙaya ce ta soke ni a idon sawu. Sai da na ga ganye yana motsi, abin ya sulale ƙarƙashin sabara, sannan na gane maciji ne.

Mun tashi daga Gafasa bayan sallar asuba, ni da kawuna da zai mai da ni makaranta Kano, a saman wata babbar mota mai shan gas, shaƙe da ragowar gyaɗar bara. A Ajingi aka tsaya ƙarin lodi har hantsi ya dubi ludayi. Na sha furar kobo, na zagaya bayan gari, can abin ya same ni. Ba wanda ya ga macijin sai ni, ni kuwa ban san irinsa ba. Kawu ya ɗaure mini ƙafa da rawaninsa, aka ce sai ɗakin shan magani na En'e a Gaya.

Bazara ce, rana ta take. Muna shiga yashi motar ta fara nishi, tana aman baƙin hayaƙi, har wani mai jaki ya wuce mu yana yi mana sannu. An dawo da ni gaba kusa da direba, dattijo ne da ya yi shekaru yana jigilar kuza a Jos. Na tambaye shi ko mai ne ya ƙare.

“Mai yana nan, 'yata. Iska ce babu. A kan dutsen Jos haka take yi mini, iskar can ba ta da kauri. Nan kuma zafi ya tsinka ta. Ina ba ta mai, ta kasa cinyewa, shi ne hayaƙin nan.”

An koya mana a aji cewa iska mai zafi ba ta da nauyi. Ban taɓa zaton raina zai rataya a kan wannan darasi ba.

Da lagireto ya fara tafasa direban ya tsaya, ya ce a jiƙa buhun algarara a rataya a hancin motar, a kuma rage kaya. Mai gyaɗar bai yi musu ba, da kansa ya ture buhu goma gindin wata kuka. Ruwa ne ya gagara. Wata tsohuwa ta miƙo gorarta. Wani malami ya juye butarsa kaf.

“Alaramma, azahar fa?” in ji kawu.

“Ƙasa ta ƙare ne? Na yi taimama.”

Motar ta ɗan farfaɗo. Muka riƙa tafiya ana tsayawa ana yayyafa wa buhun ruwa, ƙafata tana kumbura, ina tofa yawu a tafin hannu ina duba ko da jini, don na ji an ce haka kububuwa take yi. Mutanen da ban san sunansu ba suka yini da ƙishirwa saboda ni.

Mun shiga Gaya bayan azahar. Disfensa ya kwance rawanin yana yi wa kawu faɗa, ya yi mini allura, ya ce a jira. Ana kiran la'asar ya dawo, ya ɗaga leɓena ya duba dasashi, ya daɗe yana kallo.

“Malam, kwance wa yarinyar nan fuskarka haka,” ya ce da kawu. “Dafin bai shiga jini ba. Ta tsira.”