Geron Gwaggo a Kan Kwalta

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara ita ce shekarar da sanƙarau ya kama ƙanwata, autar gidanmu. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ji ya tafi. Ko ganga ka buga a bayanta ba za ta waiwayo ba. Ni da ita muka ƙirƙiro maganarmu ta hannu. In na shafi haɓa, Baba ke nan. In na ɗaura ɗankwali a iska, Inna. In na murza hannu biyu kamar mai riƙe da sitiyari, mota. Duk gidan ni nake gane ta sosai, har Inna takan aika a kira ni in rigima ta tashi, in zo in faɗi abin da auta ke nufi.

Gidanmu a Kaura Namoda yake, a wani layi da a da rairayi ne zalla, amalanke ma sai an tura. Sabuwar jiha ta kawo mana kwalta. Kai, ku zo ku ga murna! Yara har kwanciya suke yi a kai su yi birgima. Ni kuwa na kafa wurin facin keke a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ba wanda ya koya mini, keken Baba na yi ta kwancewa ina ɗaurawa, ina shan faɗa, har hannuna ya faɗa.

Abin da ba mu hango ba shi ne, kwaltar nan ta mayar da layinmu yanke. Mota in ta fito tasha za ta Shinkafi, ta nan ta fi kusa. Ranar Alhamis kuwa, ranar kasuwar Shinkafi, kowane direba so yake ya yi sawu biyu, ya kai ya dawo ya sake lodi. Sai ka ji akori-kura ta taho shaƙe da awaki da buhuna da mutane a sama, hon tun daga bakin layi, ba birki. Kaji dai mun daina lissafin waɗanda aka take.

Da Shari'a ta zo, aka rufe gidan kallon bidiyon da ke tsallaken titi, aka mayar da shi Islamiyya. Yaran layinmu kaf suka koma tsallaka kwalta safe da yamma, har ranar Alhamis, don Juma'a kaɗai ake hutu a can. Auta ma ta ce sai ta je. Ba ta jin karatu, amma in ta kwafi baƙi a allo sai ka rantse malamin ne ya rubuta.

Wata Alhamis da damina ina tsugune ina neman huji a tayar wani mai kayan miya, na ɗaga kai na gan ta a tsakiyar titi, ta sunkuya tana gyara silifas ɗinta da ya tsinke. Ga jar akori-kura ta taho, wadda duk layin ya sani, don direbanta ya fi kowa wauta. Yana ta danna hon. Na kwarma ihu, ihun da na san ba za ta ji ba. Allah ne kawai ya sa ta miƙe ta yi taku ɗaya. Motar ta wuce, iskarta ta kayar da ita, allon ya tsage biyu a ƙarƙashin taya. Direban bai tsaya ba. Karen motarsa ne ma da ke maƙale a baya ya ɗaga mana hannu, wai mu riƙa kama 'ya'yanmu.

Ta kuje a gwiwa da gwiwar hannu, shi ke nan. Amma da Baba ya dawo gona ya ga allon, ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ce wa Inna, "In an yi girbi, ƙanenki zai kawo miki geronki daga Zurmi. Shi tahi da yarinyar ga. Ƙauyensu can bayan Zurmi ba mota. Na hi son in yi kewarta da in bizne ta."

Inna sai hawaye. Ni na ce, "Baba, can wa zai gane maganarta? Ko ruwa take so ba wanda zai sani."

Ya ce, "To kai ka iya tsai da mota?"

Na ce zan iya. Wallahi ban san ta yaya ba, bakina ne ya riga ni.

Na tara samarin layi. Wani ya ce ya ga tudun rage gudu a Gusau, a kwance a kan titi. To mu 'ya'yan manoma, tudu a wurinmu ai huɗa ce. Muka ɗauko galma da kwanduna, muka yi ta jido jar ƙasa daga bakin kududdufi, muka ja huɗa guda lafiyayya daga wannan gefe zuwa wancan, muka daddaɓe ta da ƙafa. Kakata ta wajen uba, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo, tana zaune a dakali tana kallonmu. Ni take kira mijinta, irin wasan kaka da jika.

Ta ce, "Maigidan, mi za ku shuka nan? Dankali ko rogo? A aje mani kunya guda in sa yakuwa."

Na ce, "Tsohuwa, ki zuba ido. Yau mijinki zai kama mota da hannu."

Ai kuwa 'yan kabu-kabu suka samu abin wasa. Sai su taho da gudu su hau huɗar, babur ya tashi sama, su yi shewa. Jar akori-kura ta zo ta ratsa ta tsakiya kamar an yanka tuwo. Ruwan la'asar ya ƙarasa sauran, ya kwashe jar lakar ya zuba a zauren maƙwabcinmu mai sayar da goro, ya fito yana tambayar ɗan wa ya yi wannan aikin. Kowa ya nuna ni. Gwaggo ta yi dariya har da tari.

Damina ta janye, gero ya nuna, aka fara yanka. Kullum na ga dami ya shigo gari a kan jaki sai in tuna Kawu, ƙanen Inna, ya kusa zuwa. Baba ya hana auta Islamiyya. Takan tsaya a bakin zaure tana kallon yara suna tsallakawa, ta juyo ta yi mini alamar rubutu a tafin hannu, ta ɗaga kafaɗa. 

Rannan kuma Alhamis ce. Inna ta surfa sabon gero ta wanke, tsakar gida kuwa ba wuri, duk damma ne. Gwaggo ta ce kwalta ta fi ko'ina zafi da tsabta. Ta share gefen titi, ta shimfiɗa tabarma, ta baza geron, ta zauna da sandarta ta korar awaki. Tabarmar ta ɗan shigo cikin titi. Ina shirin in ce ta ja ta baya, sai ga hon ɗin nan da na sani ko cikin barci.

Jar akori-kura ta taho a guje yadda ta saba. Sai na ji ƙiiii! Birki. Awakin baya suka hau kan juna, karen motar ya kusa faɗowa. Direban ya karya sitiyari, ya lallaɓa ya zagaye tabarmar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya leƙo ta taga.

"Haba Gwaggo! Ki ɗebe hatsinki ga hanya mana! So kike in taka abinci ki ja mani alhaki?"

Ta ce, "Taka mana, ɗan nema. Hanyar ubanka ta."

Ya ce, "Allah shi kiyashe ni!" Ya wuce yana ƙunƙuni.

Na saki famfon da ke hannuna. Na tsaya ina kallon motocin da suka biyo baya. Wata motar Kanta ta zo, ta rage, ta kauce. Bas ɗin mata zalla ta zo, ta kauce. Ɗan kabu-kabun da ya fi kowa tashi sama a kan huɗarmu ya zo, ya sauke ƙafa ƙasa yana jan babur. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan tun yana rarrafe ake buge masa hannu in ya wulaƙanta hatsi. Ƙwaya ɗaya in ta faɗi, tsince ta ake yi. Direbobin nan duk 'ya'yan manoma ne kamarmu, da yawansu ma da safe suka baro gona. Ba mai iya ɗora taya a kan gero ya je gida ya ci tuwo.

Na ruga na durƙusa gaban Gwaggo. Na ce, "Amarya, na samo! Ke kika samo, amma ni na gani!"

Ta ce, "Kai tashi, ka taka mani tabarma."

Na zayyana mata. Tabarma ɗaya a dama, a ɗan ba da tazara, wata a hagu, wata kuma a dama, haka har ƙarshen layi. A bar hanyar da mota ɗaya za ta wuce, amma sai ta yi ta lanƙwasa kamar maciji. Ni namiji ba na shiga gidajen mutane, matan aure kuma ba sa fitowa. Amma tsofaffi suna fita, kuma ba gidan da ba tsohuwa. Gwaggo ta yafa mayafi ranar Laraba, ta kama hannun auta, suka bi gida gida. Ba ta yi dogon bayani ba. Gwiwar yarinyar take nunawa, da tabon.

Alhamis ta gaba, tun rana ba ta yi zafi ba, layinmu ya zama abin kallo. Ga gero, ga dawa, ga jan barkono, ga kuɓewa yankakka, ga gyaɗa. Wata da ba ta da abin shanya ta kwaso tsohon wake daga rumbu ta ce ai yana buƙatar rana. Kowace tabarma da tsohuwarta a kan kujerar tsugunno, da sanda. Ni na bi ina gwada faɗin hanya da gorar da nake rataye tayoyi, ina cewa a matsa nan, a ja can.

Motoci suka shigo suka koma tafiyar hawainiya. Mai tallan fura a ƙafa tana wuce su. Fasinjoji suna dariya, tsofaffi suna yi wa direbobi sannu da aiki. 'Yan Islamiyya suka tsallaka a tsanake, wasu har da tsayawa su tsinci gyaɗa a bakin tabarma su sha sanda.

Kafin azahar sai ga shugaban direbobin tasha, ya taho da mai unguwa, mai jar akori-kura yana biye. Baba ma ya fito zaure.

Mai unguwa ya ce, "Gwaggo, titin gwamnati ne hwa."

Ta ce, "Ranka shi daɗe, rana ma ta gwamnati ta? Mun tare hanya? Ga hanya nan, su wuce."

Shugaban direbobi ya ce, "Iya, sawu guda munka yi yau. Kun kashe muna kasuwa. Wanga abu da gangan ne."

Ta ce, "Da gangan ne mana, wa ya ce da kuskure ne?" Ta jawo auta gabanta, ta nuna mai jar motar da sanda. "Kai, matso. Ka san wagga?"

Ya ce bai sani ba.

"Ita ka kayar da damina. Ba ta ji, ko ka hwasa hon ɗinka. Ka taka mata allo da sunan Allah a jiki, ba ka tsaya ba. Amma ka ga tsabar gero ka kusa kihe mota. To tunda gero kuke jin tsoro, gero za mu aje. In ya ƙare akwai kuka, akwai kauɗar tumatur, akwai rogo. Ni da shanya har Mahadi."

Mutumin nan ya kalli tabon gwiwar auta, ya kalli ƙasa. Ya ce da ƙaramar murya, "Wallahi na zaci tana ji. Na zaci taurin kai ne." Ya tsuguna ya ce mata ta yi haƙuri. Ta juyo ta kalle ni. Na nuna shi, na murza sitiyari, na haɗa tafin hannu biyu. Ta ɗan yi tunani, sannan ta zana allo a iska ta miƙa masa hannu. Na ce, "Cewa ta yi ka biya ta allonta." Wurin ya kwashe da dariya, har mai unguwa.

A nan bakin tabarma aka yanke magana. Motocin kasuwa su koma babban titi. Wanda ya shigo layi don sauke kaya, ya shigo a hankali. Da yamma mai jar akori-kura ya dawo daga Shinkafi da sabon allo, da tsofaffin durom guda biyu. Shi da karen motarsa suka cika su da duwatsu suka kafa a bakin layi, suka bar ƙofar da dole ka rage kafin ka shiga. Tsofaffi dai ba su daina shanya ba, sun ce ba su yarda da direba ba, kuma hira ta yi musu daɗi a waje.

Kawu ya iso daga Zurmi bayan 'yan kwanaki, da buhun geron Inna. Bayan gaisuwa ya ce an gaya masa zai koma da 'yarsa, a haɗa mata kaya. Inna ta shige ɗaki. Baba ya fita ƙofar gida ya tsaya, muka bi shi. Lokacin tashin Islamiyya ne, don tun ranar durom auta ta koma da kanta, ba wanda ta tambaya. Ga ta can tsallake da sabon allonta. Ta duba dama, ta duba hagu, yadda na koya mata. Wata bas ta lallaɓo tsakanin barkono da gyaɗa, direban ya tsaya cak, ya yi mata alama da hannu ta wuce. Ta tsallako tana tafiyar ƙasaita kamar titin nata ne.

Baba ya ce wa Kawu, "Ka sha hanya. Ka kwana, gobe ka koma. Ɗiyar tana nan."

Na juya wurin auta. Na shafi haɓa, na nuna ta, na nuna ƙasa da yatsa: Baba ya ce kina nan. Ta kalle ni kamar na faɗi abin da kowa ya sani, ta miƙo mini silifas ɗinta. Ya sake tsinkewa, a yi mata faci.