Ranar da Taɓo Ya Karɓe Takalmin Ƙanena

Ni aka tura tarbar ƙanena a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, da yake dama ina da kwandunan banda da zan kai can. Mu mutanen bakin kogi ne a Gashuwa. Maza su kamo kifi, mu mata mu kyafe shi, a ɗora wa jakuna zuwa Nguru inda layin dogo ya ƙare, fatake su saya su yi Kano da shi. Iyayenmu sun rasu, ni ce babba, shi kuwa ƙanen nawa ya yi shekaru a yaƙin Barma. Ba shi ya ce zai je ba. An ce wa bulama, wato mai unguwarmu, ya kawo samari, aka tarar da shi yana gyaran homar babanmu a ƙofar gida, aka ce ya tashi, ya tashi.

Da jirgin ya tsaya, sojoji suka yi ta durowa da akwatunan ƙarfe. Ba ganga, ba guɗa. Masu tallan dafaffen ƙwai da gyaɗa ma sai suka ja farantansu baya, don an ce 'yan Barma ba sa biya. Can na hango nawa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ƙafafunsa cikin wasu manyan baƙaƙen takalma masu igiya. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ni kuma da na ji kuka na neman kufce mini sai na rufe shi da faɗa, na ce haka Turawan ke ciyar da mutum? Da a da ne, da ya rama har sai na jefe shi da wani abu. Ranar murmushi kawai ya yi, ya ɗauki akwatinsa.

Wanda bai ga wancan zamani ba zai yi mamakin yadda aka karɓi mutanen nan. Yaƙin ba namu ba ne, amma mun sha shi har wuya. Gishiri ya yi wahala, yadi ya ɓace daga kasuwa har amare suna aron zane, aka matsa wa manoma da gyaɗa, aka kwashi wasu mazan zuwa haƙar kuza, da yawa ba su dawo ba. Duk wannan haushin yana cikin mutane, kuma ba wanda ya isa ya kai shi gaban Bature. To, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Da aka ga yaranmu sun dawo da kakin Bature a jikinsu, sai aka sauke musu. Aka ce sun ci naman alade a gwangwani, aka ce sun daina salla, aka ce duk wanda ya ƙetare ruwan gishiri da hankali biyu yake dawowa. Wasu daga cikinsu ma, a faɗi gaskiya, sun taimaka wa masu maganar, don akwai waɗanda suka zauna a bayan tashar Nguru suna shaye-shaye suna yi wa mutane tsawa da Turancin bariki.

A unguwarmu ba wanda ya zagi ƙanena. Da ma zagin nasa aka yi, da na san abin yi, don bakina ba a ajiye yake ba. Ladabi aka yi masa. In ya doso majalisa sai a yi shiru, a gyara zama, a yi masa sannu da Barbarci, a ce wushe, wushe, soja, a ba shi tabarma shi kaɗai. Abokan da suka tashi suna danna kan juna a ruwa suka koma gaishe shi kamar baƙon alkali. Mu kuwa a wurinmu, mutumin da ba a tsokana ba ɗan gida ba ne. Ko jariri aka haifa sai an ce hancinsa ya yi na wane kafin a ce Allah ya raya.

Wadda ta fi ba shi ciwo ita ce Kaka, mahaifiyar babanmu. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, haƙoranta sun ƙare, amma idonta da bakinta suna nan garau. Tun yana rarrafe take kiransa mijinta, yadda kakanni ke yi da jikokinsu maza. Kullum ƙararsa take kawowa: ragon miji, bai kawo mata kifi ba, bai ɗinka mata zane ba, ita kam ta gaji da wannan aure. Shi kuma ya ce zai sake ta ya auro mai haƙora. Haka suke tun safe har rana ta faɗi. Ranar da ya dawo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, sai ta kalli takalman, ta kalli kakin, ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, “Sannu da zuwa, soja.” Tsoronsa take ji, har da ita. Na ga yadda fuskarsa ta yi, raina ya ɓaci ƙwarai.

Takalman nan su suka ƙara ɓata lamarin. Ba ya cire su. Da su yake zuwa kasuwa, da su yake zama a tsakar gida, cikin zafin da ko kare neman gindin randa yake yi. Masallaci kuwa ya daina zuwa, tunda can dole a tuɓe. Mutane suka ce ai ga shi nan, girman kai ne, ya zama Nasara.

Ni ma na fara zarginsa, sai wata safiya na zagaya bayan danga ɗebo itace na tarar da shi yana alwala a ɓoye. Ƙafarsa ta dama saura babban yatsa da na kusa da shi, sauran wurin tabo ne a tattare. Ya ce ba harsashi ba ne ma. Daji ne mai ruwa, watanni ƙafa ba ta bushe ba, ta ruɓe a cikin takalmi, likitan soja ya yanke. Abin da ke cinsa ke nan: ɗan masunta, wanda ya tashi a cikin ruwa, a ce ruwa ne ya cinye masa ƙafa. Ya ce gara a ji tsoronsa da a ji tausayinsa. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, ko mijina.

Na rantse, na kuwa sha wahala. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nawa cikin bai saba da ajiya ba. Wata mai daddawa a kasuwa ta tambaye ni, wai ƙanen nan naki ko barci da takalmi yake yi? Maganar gaskiya ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta, na ce ta zo ta kwana ta gani. Muka yi wata guda ba ma gaisawa, na koma sayen daddawa a wurin wata mai tsada.

Ana nan bazara ta matso, kogi ya janye, ya bar manyan tafkuna a fadama. Akwai wani tafki da sarkin ruwa ke hana taɓawa duk shekara, sai kifi ya taru ya yi ƙiba, sannan a sa ranar su. Ran nan gari kan fita kakaf. Maza su jeru a gaɓa, kowa da homarsa da gorarsa, kowane gida da inda yake tsayawa tun kakanni. Mu mata da tsofaffi muna baya da ƙore da wuƙaƙe. Tunda aka tafi da ƙanena wurin gidanmu yake fayau, homar babanmu tana rataye a rumfa gizo-gizo na saƙa a kanta.

Wasu dattawa suka fara gunaguni, wai wanda ya zubar da jini in ya shiga ruwa kifi nutsewa yake yi. Maganar ta kai kunnen sarkin ruwa. Shi kuma mutum ne mai gajeriyar magana, ya ce homar gidanmu tana da wurinta a layi, bai taɓa tambayar homa wa ya riƙo ta ba. Da na kawo wa ƙanena labari sai ya ce ba za shi ba. Na sauko da homar na kakkaɓe ta na jefa masa a cinya, na ce in bai je ba ni zan ɗaura ɗamara in shiga, gari ya samu abin faɗa na shekara. Ya san zan aikata.

Ya zo, amma da takalmansa. Ga maza duk sun tuɓe daga su sai bante ko gajeren wando, ga nawa a tsaye da takalman soja an ɗaure igiya tam. Da wani ne ya yi wannan shirmen, da an yi masa waƙa kafin ya taka ruwa. Shi ba wanda ya ce uffan. Na damansa ya matsa, na hagunsa ya matsa, suka bar shi a tsakiya shi kaɗai. Kaka tana kusa da ni a kan 'yar kujerarta, ta kau da kai.

Sarkin ruwa ya yi addu'a, ya ba da izini, aka ruga da ihu. Da farko abin ya yi kyau, don hannu bai manta ba. Na ga ya buɗe homa ya danna ta yadda babanmu ke yi, zuciyata ta yi sanyi. Amma duk ɗan kogi ya san taɓon tafki da tafin ƙafa ake lallaɓa shi, ka taka ka zame ka zare. Takalmi kuwa ya sha ruwa ya yi nauyi, taɓo ya kama na dama ya riƙe. Ya ja, ya ƙi. Ya sake ja da ƙarfin soja, sai ƙafar ta fito ta bar takalmin a ƙasa, shi kuma ya tafi da baya ya faɗi rigingine. Homa ta yi gabas, gora ta yi yamma, wata tarwaɗa da ya kama ta bi ta kan cikinsa ta koma inda ta fito.

Da rarrafe ya fito gaɓa, laka har cikin kunne. Ya zauna yana tari, ya manta da ƙafar, ya miƙe ta a gaban matan gari duka. Aka gani. Surutu ya ɗauke daga wannan gefe har wancan, mazan da ke kusa suka tsaya da homa a hannu. Na kwance mayafina zan ruga in rufe masa, sai na ga Kaka ta riga ni tashi.

Ta dogara sandarta har gabansa, ta sunkuya ta daɗe tana kallon ƙafar. Ta sa bakin sanda ta taɓa wurin tabon a hankali. Na ce shi ke nan, kuka za ta yi, abin da yake gudu ya same shi. Sai ta miƙe ta juyo wajen jama'a.

“Ku zo ku gane mini,” in ji ta. “Na ba su miji cikakke, sun dawo mini da shi da giɓi. Dama can rago ne, yanzu kuma a ce mene ne? Kai, ina kifina?”

Ƙanena ya ɗaga kai ya dube ta, laka na ɗiga daga gemunsa.

“Kaka, ke ba haƙora, ni ba yatsu. Ai an yi daidai. Wannan aure ba saki.”

Mai daddawar nan ce ta fara fashewa da dariya, na kuwa yafe mata nan take. Dariya ta bi gaɓa kamar an kunna wa ciyawa wuta. Wani abokinsa na yarinta ya fito daga ruwa ya ce ashe haka aka ci Barma, da rigingine? Wani ya ce a tambayi tarwaɗar ko ta ji tsoron soja. Samari suka yi ta nutso neman takalmin, ba a same shi ba, sarkin ruwa ya ce a bar wa tafki, ya karɓi rabonsa. Suka kamo masa gorarsa, suka ja shi suka koma ruwa da shi, wannan karon kafaɗa da kafaɗa, suna cewa a riƙe shi kada ya sake kai hari.

Ba zan ce gari duka ya sauya a yini ɗaya ba. Akwai waɗanda har suka mutu ba su daina kallon 'yan Barma a karkace ba, kuma na san da yawa a bayan tashar Nguru da ba su da kakar da za ta tsokane su. Amma Juma'ar da ta biyo ƙanena ya je masallaci, ya shiga sahu da ƙafarsa a waje. Takalmin da ya rage kuwa Kaka ta ƙwace, ta ce sadakinta ne, ta riƙa ɓoye goronta a ciki.

Abin da na fi tunawa shi ne hanyarmu ta komawa gida ran nan. Ina gaba da ƙwaryar kifi a ka, yana biye yana ɗingishi, takalmi ɗaya a rataye a wuyansa. Ina ta yi masa faɗa a kan wandon da ya ɓata da laka, wanda ni zan wanke. Da na waiwaya, sai na ga hawaye sun yi hanya biyu a kan lakar fuskarsa, yana kuma dariya.

“Yaya, kin ji ta?” ya ce. “Ta ce mini rago.”

Na ce na ji, kuma ba ta yi ƙarya ba, ya ɗaga ƙafa kada kifin ya lalace kafin mu isa.