Yarinyar da Ta Ƙi Tashi a Tashar Nyanya

Na taɓa wanke wata 'yar makaranta tas a tashar Nyanya don ta ƙi tashi ta ba ni wuri. Yau ga ta kan benci, idanu sun yi rawaya, tana murza gwiwa ta ƙarƙashin hijabi kada a gani. Sikila ce, ko ba a faɗa ba. Motoci uku sun cika sun tashi, ta kasa miƙewa.

"Jarrabawa gare ni ƙarfe tara, Iya," ta ce. "A gida cewa suke lalaci ne. Har na fara yarda."

Na ce, "'Yar nan, ciwon nan ya kai jikana kabari, lalaci kuwa bai taɓa kashe kowa ba. Kira mini uwarki a waya, da ni za ta yi."