Layin da Saminu Ya Goge

Bayan sallar asuba, kafin masu shayi su hura wuta, Saminu Jibo zai buɗe shagonsa na gyaran kwamfuta a bakin kasuwar Anka, ya juye kwandon tsofaffin modem, na'urorin haɗa kwamfuta da intanet, a tebur, ya riƙa jona su ɗaya bayan ɗaya. Shekara tara ke nan. Maƙwabta sun ɗauka taɓuwa ce.

A can cikin manhajar kyauta da ke tafiyar da kwamfuta akwai dogon jeri na na'urorin da za ta gane idan an jona mata. Wadda babu sunanta a ciki, ƙarfe ce kawai. Jerin ya cika da maimaici da sunayen abin da aka daina ƙerawa, masana kuwa kowa sabon gini yake so, ba mai son shara. Da yake kowa yana iya sa hannu a gyaran manhajar, Saminu ya ɗauki tsintsiya, ba wanda ya aike shi.

Sau ɗaya ya yi kuskure. A 2013 ya goge layi arba'in na jerin da ya tabbata babu mai amfani da su. Da damina aka sabunta kwamfutar wani ƙaramin asibiti a ƙasar Bukkuyum, sai modem ya yi shiru. Da shi Malama Zinatu, ma'aikaciyar jinya, take aika wa asibitin Anka sakamakon gwajin jinin yaran da gubar dalma ta taɓa, don a san wa za a fara ba magani. Kwana uku saƙo bai fita ba.

Da aka kira shi gyara, ya hau kabu-kabu cikin laka ya je. Da ya karanta lambar na'urar, ya gane tana cikin layukan da ya goge.

"Mi yas same shi?" in ji Zinatu.

"Lahiya lau shike, Malama. Ni na goge sunanshi."

"Kai da kanka? To zauna nan. Ko ruwa ba ka sha sai ya tashi."

Kafin la'asar sakamakon yara goma sha bakwai ya isa Anka. Sannan ya rubuta wa masu kula da manhajar cewa laifinsa ne, a mayar da layin, ya sa cikakken sunansa. Na tsufa a ƙasar nan, manyan da na ji sun faɗi haka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Tun ranar ba ya goge komai sai ya zaga kasuwar Gummi da ta Bukkuyum ya tambaya.

Yanzu ido ya gaza, zai ajiye aikin. Saminu, kai ne mai gyara ɓarnarka da rana tsaka. Duk mai ikon soke suna a takarda ya yi koyi da kai, ya fara tambaya. Cikin yaran nan goma sha bakwai akwai Amira, wadda aka fara ba magani a makon. Bana ta shiga aji uku, ba ta ma san da kai ba. A madadinta, mun gode. Allah ya saka.